Teburin Manaja

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda kika bar gida, ko ma fiye, tunda kin huta da surutuna. Yaya jikin 'yarmu? Yaya tagwaye? Ki shafa mini kawunansu, ki gaya musu kakansu na nan tafe da zarar sun rage kukan da kike ba ni labari. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita ma gaishe ni take yi da safe ta wuce.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ai na kira, sau uku, kuma duk sau ukun kin karɓe zancen tun ina kan “wato”. A takarda kuwa ba ki da inda za ki katse ni, sai dai ki ɗauko jan biro ki gyara mini rubutu yadda kika saba. Ki gyara abinki. Mutumin da ya bar makaranta a aji huɗu don shi da malamin lissafi sun kasa zama a ɗaki ɗaya, jan biro ba ya ba shi tsoro.

To, albishirinki. Manaja ya dawo shago.

Eh, ɗan namu dai, wanda ke kika laƙaba masa sunan tun yana shekara biyar, yana jera ƙannensa a tsakar gida yana raba musu aiki shi yana zaune. Shi da tun da ya gama makarantar koyon kasuwancin nan ba ya taka shagona sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa yana kallon takalminsa kada dusar katako ta hau. Asabar uku ke nan a jere yana zuwa. Ya zauna a kan bencin nan mai tabon fenti, da farar rigarsa, ko kaɗe bencin bai yi ba. Ya zo da ɗan littafi da biro yana ta tambayata. Baba, me ya sa ba ka sa ƙusa a ƙafar kujera? Baba, me ya sa in an dawo da kujerarka bayan shekara goma kake gyarawa kyauta? Me ya sa kake zaunar da mai saye ku sha shayi awa guda kafin a yi zancen aiki? Malama, shekara talatin da ɗaya ina jiran yaron nan ya tambaye ni wani abu da ya wuce ina makullin mota.

Na buɗe masa cikina kaf. Na nuna masa yadda nake fafe katako ya shiga cikin ɗan'uwansa ya riƙe ba ƙusa. Na kifa kujera na nuna masa tambarina, ɗan tauraron nan da nake ɗora wa kowane aiki a ƙasa da ƙarfe mai zafi. Na ce masa abin da nake gaya wa kowa: kujerar da na yi, jikanka ne zai gaji da ita. Ya ce in maimaita, na maimaita, har da buga ƙirji. Ya ɗauke ni a waya yana dariya, ni ma ina yi.

Ƙarami ma bai tsira ba. Kin san shi da kunya, tsohon da ya girme ni da shekara biyu amma sunan da maigidanmu ya sa masa muna koyon aiki ya ƙi barinsa. Manaja ya tambaye shi kujera nawa yake gamawa a mako yanzu da hannunsa ke rawa. Ya ce ɗaya, wani makon ɗaya da rabi. Manaja ya ɗauki hoton hannun. Ƙarami ya wuni yana murmushi, wai ɗan da ya goya ya zama babban mutum har yana rubuta maganarsa.

Asabar ta ukun ya zo da wani abokinsa, dogo, mai wani agogo kamar murfin kwalba, minti ɗaya ba ya wucewa bai dube shi ba. Wai tebur yake so. Amma ko katako ɗaya bai taɓa ba. Takawa ya yi daga bango zuwa bango yana ƙirga taku, ya fita ya dubi titi, ya tambayi mota nawa ke iya tsayawa a gaba. Na ce a raina lallai Mai Agogo ɗakin cin abincinsa ya kai filin ƙwallo.

Dalilin duk wannan, in ji Manaja, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu ce. Suna taruwa Asabar ɗin ƙarshen kowane wata a babban zauren makarantar, su sha shayi, su san juna, wannan ya haɗa wancan da aiki. Ya ce a duniyarsu takardar shaida ƙofa kawai take nuna maka, wanda ya san ka shi ke buɗewa. Yana neman kujera a kwamitinsu, kuma an ba shi dama ya yi jawabi a taro mai zuwa. Kin san a kan me zai yi? A kan shagonmu.

Yanzu ga asirin, kada ki gaya wa kowa. Na kwashe tarkacen da ke lungun taga. Katakon nan da na ɓoye a saman rufi shekara ashirin, wanda kika sha cewa gara nake yi wa ajiya, na sauko da shi. Tebur nake yi masa, mai durowa uku. Idan mutum zai zauna a shago yana manajanci, ai ba a kan benci zai yi ba.

Ki gaida surukinmu da duk mutanen gidan.

Naki har kullum,
Baban Manaja


Malamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, na kuma ga kurakurai goma sha ɗaya da kika ƙirga. Na gode. Yaya masu kuka?

Gajeruwa ce yau, direban da zai kawo miki yana ta danna oda a waje.

Na tambayi Manaja ko iyaye na zuwa taron. Ya ce a'a Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba, Turanci ne zalla, za ka gaji. Na ce to. Amma jiya surukarki, matarsa, ta kawo mini abinci shago, ta ce kowane ɗan ƙungiya ana ba shi katin baƙo ɗaya, nata yana jaka, ita kuma ranar tana aiki. Ta ce, Baba, mutum ya tsaya gaban jama'a yana zancen shagon ubansa, uban yana gida yana sauraron rediyo? Ka je ka ba shi mamaki. Yarinyar nan Allah ya yi mata albarka.

Na je wurin maƙwabcina mai buga takardu in nemi shawara, tunda shi ke buga wa irin mutanen nan kaya. Ya ce a irin wannan taro, wanda ba shi da ɗan katin da ke ɗauke da sunansa da sana'arsa, kamar ya shiga ba riga ne. Kana gaisawa da mutum, ka miƙa naka, ya miƙo nasa. Na ce a buga mini ɗari biyu. Ya fito ya ɗauki hoton gaban shago, da koriyar ƙofar da rumfar da ta karkace, da ni a tsaye na riƙe zarto kamar na kama ɓarawo. Malama, ki ga katin. Ni kaina na ji ina son in ba mutumin nan aiki.

Kwat ɗin bikin 'yarmu har yanzu yana shigata, in dai ban yi numfashi ba.

Kin tuna zauren nasu? Kujerun ciki ni na yi su, guda ɗari da ashirin, shekarar da Manaja ya shiga makarantar. Kin tuna ya ce mu shiga da su ta ƙofar baya, kuma in na gan shi da abokansa kada in kira shi? Na yi dariya na ce ai kujera ba ta san gaba da baya ba. Kika yi kwana biyu ba kya yi masa magana, ni na ba ki haƙuri, na ce ƙuruciya ce. To ga shi, ban yi ƙarya ba. Jibi ta ƙofar gaba zan shiga.

Saura durowa ɗaya tebur ya kammala.

Naki,
Baban Manaja


Malamata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da 'yarmu da jarirai. Ni lafiyata ƙalau, kada ki ga na kashe waya tun shekaranjiya ki ɗauka wani abu ne. Ki nemi wuri ki zauna, ki ajiye jan biron, yau kurakuran ba a rubutu suke ba.

Na isa da wuri, ƙarfe goma saura. A ƙofa wata yarinya ta ba ni takardar maƙalawa a ƙirji, ta ce in rubuta suna da shekarar da na gama. Na rubuta aji huɗu. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce Baba kai ne baƙon da ya fi kowa. Sannan ta ba ni wasu katuna biyu, kore da ja. Na ce jan na nama ne, koren na ganye? Ta ce a'a, in riƙe, zan ga amfaninsu.

Na shiga. Tsofaffin ɗalibai, in ji su, amma duk zauren ni kaɗai ne tsoho, kuma ni kaɗai ne ba ɗalibi ba. Kowa ya riƙe ɗan kofi a hannun hagu, dama kuma tana aikin miƙa kati. Suna magana da kai idonsu na bayan kafaɗarka, ko akwai wanda ya fi ka. Na ce ashe abin ba wuya. Na cire robar katunana na fara. Malama, ba a taɓa yin rabon kati irin nawa a zauren nan ba. Na ba masu kwat, na ba masu ɗaukar hoto, na ba masu zuba shayi. Wanda ya ce ya riga ya karɓa na ƙara masa na matarsa. Ban ce wa kowa ni uban wane ne ba, ina tanadin mamakin. Kafinta kawai nake cewa, su ce madalla, su zura a aljihu.

Manaja bai fito ba har aka ce a zauna. Na samu wuri can baya kusa da wata mata mai gilashi, mai kamfanin sabulu, mutuniyar kirki. Ina zama na zura hannu ƙarƙashin kujerar, yatsana ya sauka a kan tauraron. Shekara tara, ko motsi ba ta yi. Na ji kamar in tashi in gaya wa kowa, na daure.

Aka ja labulaye, aka kunna majigi. Sai ga manya sun shigo ta ƙofar gefe sun zauna a layin gaba, Manaja na bin bayansu da laktaye. Wanda ke gabansu, shugaban ƙungiyar baki ɗaya, wa kike tsammani? Mai Agogo. Matar ta raɗa mini cewa shi ne mai kamfanin nan da ke shigo da kujeru a kwali, ka haɗa da kanka.

Ya karɓi abin magana ya ce an zo sashen da kowa ke jira, wanda suke kira asibiti. Matar ta yi mini bayani. Wai kowane wata ɗayansu kan kawo labarin wata sana'a mara lafiya, a ɓoye sunanta, su kuma su zama likitoci su duba ta. A ƙarshe a ɗaga kati. Kore, a yi mata magani. Ja, a rufe ta. Na ce Allah sarki, ko shagon wane bawan Allah za a kwantar yau.

Hoton farko ya fito, ya cika bango. Koriyar ƙofa. Rumfa a karkace. An shafe rubutun allon, an shafe fuskata ta zama kamar ƙullin gari, amma an bar mini tumbina da fensir ɗina a kunne.

Turancina na aji huɗu ne, amma shekara arba'in ina jin masu saye suna zagin farashina da shi, don haka ba abin da ya wuce ni. Manaja ne ya fito gaba da abin magana, ya ce ga wani shago a wuri mai kyau, a bakin babban titi, yana mutuwa a tsaye. Ya ce ciwo na farko, kayan ba sa lalacewa, wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Aka yi dariya. Suna dariyar suna jingina da bayan kujerun, Malama, kujerun kuwa ko ƙara ba su yi ba. Ciwo na biyu, shayin awa guda. Ciwo na uku, sai ga hannun Ƙarami a bango, ƙato, riƙe da guduma. Ya ce wannan ma'aikaci kujera ɗaya yake yi a mako, mai shagon ya ƙi sallamarsa don sun yi ƙuruciya tare. Ya ce amma babban ciwon, wanda ya haifi sauran, shi ne mai shagon kansa: tsoho ne, bai yi karatu ba, yana ɗaukar shago kamar ɗakin hira.

Sai na ga matar da ke gefena ta buɗe jaka ta fito da katina. Ta dubi katin, ta dubi bango, ta dube ni. Ta mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Na gabanmu ma ya laluba aljihu. Ya taɓa na kusa da shi. Haka abin ya riƙa tafiya layi bayan layi, kana ganin kawuna suna sunkuyawa, suna waiwayowa, suna komawa. Dariyar ta fara mutuwa daga baya tana yin gaba. Rubutun da Manaja ya wahala ya shafe a bango, ga shi ɓaro-ɓaro a hannun mutum ɗari, har da lambar waya.

Shi kuwa hasken majigi na idonsa, ba ya ganin kowa. Da ya ji dariya ta ragu ya ɗauka jawabin ne ya yi sanyi, sai ya ƙara wuta. Ya ajiye Turanci, ya turo ciki gaba, ya saƙala biro a kunne, ya buga ƙirji, ya ce da muryata: “Kujerar da na yi, jikanka ne zai gaji da ita!” Malama, ya iya. Wallahi ya iya. Har ɗan tarin da nake yi a ƙarshe bai bari ba. Layin gaba, su da ba su samu katina ba, suka kwashe da dariya su kaɗai.

Mai Agogo ya tambaye shi, to mai shagon zai yarda ya matsa gefe? Ɗanki ya ce, ana kan lallaɓa shi, yallaɓai, ka dai ga wurin da idonka, in an gyara zai yi ɗakin nuna kaya mai kyau. A nan na gane teburin da ake aunawa da taku.

Aka ce a buɗe labule a ɗaga kati. Layin gaba suka ɗaga ja. Sauran zauren ba wanda ya motsa. Mai Agogo ya juyo yana mamaki, ya ce jama'a, yau likitoci sun yi yajin aiki ne? Na dubi yaron nan a tsaye shi kaɗai, gumi ya fara jiƙa masa wuyan riga, yana neman hannu ko ɗaya a baya. Na ce ba za a ce ɗana ya faɗi zaɓe ina zaune ba. Na miƙe, na ɗaga jan katin sama sosai yadda zai gani.

Ya gani. Abin maganar na bakinsa, don haka duk zauren ya ji lokacin da ya ce “Baba”.

Na ajiye katunan biyu a kan kujera, na yi wa matar sallama, na fita. Yarinyar ƙofa ta biyo ni tana nuna mini hanyar gaba. Na ce bar shi, 'yata, ta baya zan bi, na san ta.

Katuna goma sha huɗu suka rage mini. Kwat ɗin ya yage a hammata, ina jin lokacin ɗaga hannun ne.

Kada ki kira shi tukuna.

Mijinki,
Aji Huɗu


Malamata,

Bayan gaisuwa. Na ji daɗi da aka ce tagwaye sun fara barci. Allah ya raya su, ya sa su yi karatu daidai misali.

Na ce kada ki kira shi, kika kira. Surukarki ta ce har daga kicin tana jin muryarki. Don Allah ya isa haka, kuma bakinki ya tsaya a faɗa, kada ya wuce nan. Ita ma ki kira ta ki lallashe ta, kullum sai ta zo shago ta yi kuka wai ita ta jawo. Na ce mata ita kati ɗaya ta bayar, ni na ba da ɗari da tamanin da shida.

Ya zo gida ranar Laraba da yamma. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna. Ya ce Baba, ba haka nake nufi ba. Ya ce haka tsarin yake, kowa ƙara gishiri yake yi don a saurare shi, a bara ma wani shagon ƙanwarsa ya kai. Ya ce zancen ɗakin nuna kaya magana ce kawai ta gaban manya, da zai zo ya yi mini bayani a nutse. Ya ce ya ɓoye suna, ya ɓoye fuska, ba wanda zai taɓa ganewa. Sannan ya ce, da ba ka raba katin nan ba, Baba, da duk haka ba ta faru ba.

Na ce gaskiya ne. Ai gaskiya ne, Malama. Da ban raba ba, da an yi dariya an tashi lafiya, da ya zo Asabar ta huɗu ya zauna a benci, ni kuma in yi ta zuba kamar famfon da ya lalace.

Na ce tambaya ɗaya zan yi masa, ba ta makaranta ba ce. Asabar ukun nan, da ba don jawabin ba, da ka zo? Ya buɗe baki. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Na ce je ka, kada manya su jira.

Sun ba shi kujerar kwamitin. Wai Mai Agogo ya ce duk wanda zai iya faɗin gaskiya a kan shagon ubansa, irinsa ake nema, har ya ɗauke shi aiki a kamfaninsa, wata mai zuwa zai fara. Kin ga ashe taron nan yana da amfani kamar yadda ya ce. Har ni na amfana. Wayata ba ta huta ba, 'yan ƙungiya suna ta kira. Wasu kujera suke so, da irin muryar da ake zuwa gaisuwar mara lafiya. Wasu shawara suke son ba ni kyauta. Mai sabulu ta zo da kanta, ta sha shayin awa guda cur, ba ta dubi agogo ba, ba ta kuma ambaci ranar ba. Ita kaɗai na karɓi aikinta.

Shago yana nan, ba inda za shi, wannan kada ki sa shi a ranki. Abin da ya hana ni sukuni Ƙarami ne. Wani ya turo wa 'yarsa hoton jawabin a waya. Kwana biyu bai zo ba. Rana ta uku ya zo, ya ɗauki aikinsa. Amma yanzu da ya ji takun mai saye sai ya ajiye guduma ya zura hannuwansa a aljihu har mutumin ya tafi. Na yi masa barkwanci iri-iri, na ce ko kuɗi ya samu yake gadi. Bai yi dariya ba. Jiya ina shara sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ni fa na koya masa riƙe fensir.”

Ni dai kin san ni, duk abin da aka yi mini sai na samo inda yake da ban dariya. Na juya wannan ta kowane gefe. Kwat ɗin da katunan da tumbin duk na samu. Asabar ukun nan ne na kasa.

Tebur ya kammala, na shafa masa mai sau uku. Yana lungun taga na rufe shi da zane. Bai san da shi ba. Na san abin da zan yi da shi.

Ki dawo haka nan, gidan ya yi shiru da yawa.

Naki,
Kafinta


Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ina taya ka murnar sabon aiki, Allah ya sa albarka, ya haɗa ka da abokan zama na gari.

Masu kawo maka wannan takarda za su sauke tebur. Naka ne. Na yi shi ne don wani wuri dabam, amma na auna a ido, zai shiga kowane ofis. Ka sa su ɗauke shi su huɗu, yana da nauyi, ba a kwali ya zo ba. Durowar ƙasa tana ɗan riƙewa lokacin damina, kada ka ja da ƙarfi, ka ɗaga ta kaɗan. Kada a ɗora masa kofi mai zafi ba faranti.

Ka yi haƙuri, ba zai lalace ba. Na yi ƙoƙari in yi shi yadda za ka dawo nan da shekara biyu, hannuna ya ƙi. Ka san ciwon.

Ƙafafun teburin, Ƙarami ne ya yi su. Mako huɗu, ƙafa ɗaya a mako. Ka girgiza ka gani.

Abu ɗaya na canza. Shekara arba'in ban taɓa fitar da ko ɗan benci daga shagon nan ba tauraro a ƙasa ba. Jiya na hura wuta, ƙarfen ya yi ja, na tsaya da shi a hannu har ya huce. Ka kifa teburin ka duba ko'ina, ba tambari, ba suna. Wannan karon na ɓoye maka da kyau, ba wanda zai gane. In abokanka na ƙungiya sun tambaye ka wa ya yi, ka ce wani tsoho ne.

Uwarka za ta dawo ranar Lahadi. Ka zo ka gaishe ta. Ta ƙofar gaba.

Ka huta lafiya.

Mai shagon